Garin Daidaita Ƙofa

Ƙofar tsohuwar mota ta fi yadda ido ke ganin ta nauyi. In an ciro ta daga jikin motar, mutum ɗaya ba ya iya tallafe ta kuma ya ɗaura noti a lokaci guda. Shi ya sa a garejin masu farfaɗo da motocin da, a Amurka da Ingila da Jamus inda wannan sana'a ta kafu, ranar mayar da ƙofa rana ce ta mutum biyu ko uku, kuma ba a cika hira a cikinta ba. An riga an kwashe watanni ana kankare tsatsa, ana walda, ana guga da samfefa. An fesa fenti ya bushe, yana ɗaukar ido. Abin da ya rage kawai a rataya ƙofar a daidaita ta da maƙwabtanta. To a wannan ɗan aiki na ƙarshe, wanda duk motsinsa bai wuce milimita biyu ko uku ba, ake ɓata wahalar wata shida kafin ƙiftawa da bismillah. Ƙofa ta ɗan zame, bakinta ya daki bakin fenda, fenti ya ɓantare daidai ƙwayar gero.

Akwai tambaya a cikin wannan ƙwayar gero, kuma ta fi gareji faɗi. Idan abu ya karkace, mun kuma tabbata ya karkace, me ya halatta mu ɓata garin miƙe shi?

Jikin mota fallayen ƙarfe ne aka harhaɗa. Wasu an yi musu walda ba sa motsi, kamar rufi da ginshiƙai da fallen da ke saman tayar baya. Wasu kuwa noti ne ke riƙe da su: ƙofofi, bonet, murfin but, da fenda, wato fallen da ke saman tayar gaba. Tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa an bar rata, yawanci milimita 3 zuwa 5. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka burin mai gyara shi ne ya toshe wannan rata. A'a. Burinsa ratar ta zama ɗaya daga sama har ƙasa. In ta matse da yawa, ƙofa za ta riƙa gugar fenda duk lokacin da aka buɗe ta, ko in mota ta faɗa rami jikinta ya ɗan murɗa. In ta yi faɗi, iska ta riƙa fito, ruwa da ƙura su samu hanya. A farkon shekarun 1990 kamfanin Lexus ya yi wata talla da ta yi suna a Amurka, inda aka nuna ɗan ƙwallon ƙarfe yana gangarawa a kan ratar fallayen motar, bai maƙale ba, bai faɗa ciki ba. Har yau da irin wannan ido ake duban mota.

Shi kuma fenti, duk ƙyallin nan nasa, kaurinsa a motar da ta fito daga masana'anta bai fi na fallen takarda ɗaya ko biyu ba. A bakin falle ma ya fi haka siranta, domin ɗanyen fenti yana janyewa daga kaifi kafin ya bushe. Wato inda ya fi rauni nan ne inda ya fi fuskantar karo. Motocin da kuma ba su da wannan garau ɗin fenti na sama da ya zama ruwan dare tun shekarun 1980. Da yawansu suna ɗauke da dangin fentin nan mai saurin bushewa da kamfanin DuPont ya fito da shi da sunan Duco, wanda motar Oakland ta 1924 ta fara yaɗa shi. Irin wannan fenti in ya tsufa sai ya yi ƙarfi ya zama mai tsinkewa kamar ɓawon ƙwai.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne abubuwan nan biyu, daidaito da fenti, ba irin kuskure ɗaya suke karɓa ba. Masu ƙera mota da gangan suka yi ramukan notin ƙofa da 'yar yalwa, don a samu wurin turawa gaba ko baya, sama ko ƙasa. In yau ƙofa ta yi ƙasa da milimita ɗaya, gobe sai a sassauta a ɗaga. In an zarce, a sake sassautawa. Sau goma ma a yi, noti bai san an yi ba. Fenti kuwa sau ɗaya yake ɓantarewa. A ɗiga masa wani da ɗan buroshi, tabon yana nan ga mai ido. A sake fesa ƙofar gaba ɗaya, launin ya ɗan saɓa da na maƙwabta, sai an bi su ma da feshi. In kuwa fentin na asali ne, wanda aka fesa a masana'anta shekara hamsin ko sittin da suka wuce, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Saboda haka duk shirin da gwani ke yi kafin ya taɓa sifana, na kare abin da ba ya dawowa ne. Zai liƙa salatif na takarda ninki biyu ko uku a bakin ƙofa da bakin fenda da dokin ƙofar. Zai cusa kwali ko ɗan siririn katako a cikin ratar. Zai sa jak a ƙarƙashin ƙofar, da katako naɗe da tsumma a kansa, don kada nauyin ya dogara ga hannun mutum, hannu yana gajiya. Zai cire agogo da zobe, ya juya kan bel ɗinsa gefe. Notin ma ba ya kwance shi duka, sassautawa yake yi daidai yadda ƙofar za ta motsa in an tura ta amma ba za ta faɗo da kanta ba. Mai kallo zai ce ana ɓata lokaci, minti talatin na liƙe-liƙe saboda juyi huɗu na sifana. Amma gwanin ya san wane kuskure ne yake da gobe, wane ne ba shi da ita.

Mu ma kullum cikin daidaita ƙofofi muke. Uba da ɗansa, malama da ɗalibarta, miji da mata, mai gida da yaron shago, da kuma mu duka da wanda ya yi suɓutar baki a Facebook ko TikTok. Galibi kuma muna da gaskiya: abin ya karkace. Inda muke tuntuɓe shi ne mun ɗauka gaskiyar da muke da ita kan karkatar ta ba mu izinin kowace irin turawa. Alhali mafi yawan kurakuran ɗan Adam irin na noti ne. Yaron da ya yi ƙarya yau yana iya daina ta baɗi. Wanda ya fahimci wata mas'ala a karkace yana iya miƙewa da karatu ɗaya. Mutuncinsa kuwa fenti ne. In an tsinka shi a gaban jama'a, ko ya gyaru, ko mu da kanmu mun dawo mun ce a yi haƙuri, tabon yana nan. Da can ana cewa magana zarar bunu ce. Yanzu bunun ma ana ɗaukar hotonsa a ajiye a waya dubu, a fito da shi bayan shekara biyar ranar da mutumin ke neman aure ko neman aiki.

Labarin balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Madina, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan wannan ma'auni yake. Sahabbai sun taso masa, kuma ba wanda zai ce abin da ya yi daidai ne. Annabi (SAW) ya hana su katse shi, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, sannan aka yi wa mutumin bayani. Ƙasa tana wankuwa da guga ɗaya. Mutumin da aka kora daga masallaci da ihu, tufafinsa a ɓace, ba lallai ne a sake ganin ƙafarsa a can ba.

Wani zai ce, ai fenti kwalliya ce kawai, ƙarfe ne mota. Kuma muna da dalilin zargin kwalliya. Duk wanda ya taɓa sayen mota ta hannu ya san aikin foti: a cike lotsawa da ruɓewa da shi, a goge, a fesa fenti mai sheƙi, a kai kasuwa. Shi ya sa masu wayo ke zuwa da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san ba ƙarfe ba ne a ƙasa. Ashe ba haka muke yi da sunan rufin asiri ba? A ci zarafin yarinya, a ce a rufe don mutuncin gida. A cinye kuɗin marayu, a ce dattijo ne kada a kunyata shi. Idan kare fenti yana nufin wannan, gara a kankare.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma masu gyaran mota ma suna tare da shi. Ba wani gwani da zai liƙa salatif a kan fentin da ya kumbura saboda tsatsa na ci a ƙarƙashinsa. Wannan kankarewa ake yi har sai an ga farin ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen a jefar. Amma daga nan zuwa cewa fenti ado ne kawai akwai nisa. Aikin fenti na farko shi ne raba ƙarfe da ruwa da iska. Ƙarfen da aka bari tsirara a damina, kwana ɗaya ya isa ya fara ja. Wannan ɓantarewa mai girman ƙwayar gero, ta nan tsatsa ke shiga, ta bi ƙarƙashin fentin da ke kewaye tana ɗaga shi. Haka kunya take a jikin mutum. Muddin yana ganin akwai sauran ganin girmansa a idon jama'a, yana da abin da yake tsoron rasawa, wannan tsoro kuwa yana hana shi abubuwa da yawa. Ranar da muka tone shi tas, mun raba shi da wannan birki. Mun sha ganin wanda aka yi wa tereren tsiya kan ƙaramin laifi ya dawo yana aikata babba a fili, yana cewa me ya rage. Foti yana ɓoye ruɓa, fenti yana hana ta. Wahalar ita ce daga waje kamanninsu ɗaya, kuma babu maganaɗisun da za mu ɗora a ƙirjin mutum. Dole sai an matsa kusa an duba, abin da mai sharhi daga nesa ba ya yi.

Akwai wani abu a aikin salatif ɗin da ya daɗe yana ba mu tunani. Ba ƙofar da ake gyarawa kaɗai ake liƙa wa ba. Har da fendar da ke zaune daidai, wadda ba ta yi laifin komai ba. Hasali ma ita ta fi shan duka, domin ƙofa ce ke motsi, ita kuwa tana tsaye tana jira. Idan muka tashi gyara mutum a bainar jama'a, hankalinmu na kansa shi kaɗai. Ba ma ganin mahaifiyarsa da za ta shiga gidan biki gobe, ko 'yarsa da za ta shiga aji inda kowa ya ga bidiyon a wayar yayansa. Su ba su karkace ba. Kusa kawai suke.

Sai kuma batun ƙugiyar makulli, wannan ƙarfen da ke jikin ginshiƙi wanda ƙofa ke kamawa in an rufe ta. Gwanaye cire shi suke yi kafin su fara daidaitawa, kuma dalilin ya isa a tsaya a kansa. Ƙofar da ta sunkuya, in an buga ta da ƙarfi, ƙugiyar za ta ɗaga ta ta shigar da ita wurinta. A rufe sai ka rantse daidai take. Amma a duk rufewa hinji na shan wahala, ƙugiyar na cinyewa, fentin wurin na gogewa, kuma da zarar an buɗe sai ƙofar ta koma sunkuyonta. Sai an cire abin da ke tilasta mata sannan a ga ainihin inda take rataye. Sau da yawa ma sai a tarar laifin ba na noti ba ne, sandar cikin hinji ce ta cinye saboda shekaru, kuma in ba a sauya ta ba duk daidaitawar banza ce. Gidaje nawa ne ake yaba tarbiyyarsu alhali ƙugiya ce ke riƙe da yaran? Ana gane haka ranar da yaro ya tafi jami'a a wani gari. Tsoro yana rufe ƙofa, wannan ba musu. Abin da ba ya yi shi ne gyara hinji, kuma kowace bugawa da ɗan abin da take ci.

Kada kuma mu ɗauka kariyar ba ta da nata haɗarin. Salatif in ya kwana biyu a rana, danƙonsa yana kama fenti ya ƙi fita. A sabon fentin da bai gama ƙarfi ba yana barin shaida. A tsohon fenti mai tsinkewa kuwa, in aka fizge shi, da fentin yake tahowa, abin da aka sa don kariya ya zama shi ne mai ɓarnar. Ga shi kuma kaurinsa yana rage ratar, har mai aunawa ya ruɗe. Don haka ana sa shi ne daf da aiki, a cire shi da an gama, a hankali, ana naɗo shi baya a kan kansa. Lallashin da ya wuce lokacinsa haka yake. Akwai wanda muka shekara goma muna kewaye-kewaye a kansa don kada ransa ya ɓaci, ƙofar ba ta gyaru ba, kuma ranar da gaskiya ta fito dole, ta fito da fata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai an faɗe shi tukuna.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi, masu sana'ar sun san ta: a daidaita komai tun ƙarfe na tsirara. A rataya ƙofofi da fenda da bonet kafin fenti, a tura, a ja, a buga da guduma in ta kama, babu abin da za a yi asara. In komai ya zauna, sai a huda ɗan rami na kamar milimita 3 ta cikin hinji har jikin motar, a warware, a yi fenti, ranar mayarwa a zura ƙusa a ramin kowane falle ya koma mazauninsa. Masu wa'azin tarbiyya za su so wannan misali, kuma suna da gaskiya. Sai dai mu yawancin mutanen da muke haɗuwa da su a rayuwa mun same su ne da fentinsu. Matar da aka auro, abokin aiki, maƙwabci, surukai, wani ne ya rataya su ya fesa, mu kuwa muka zo daga baya da sifana.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi wuya, wadda masu tsofaffin motoci suka shafe shekaru suna jayayya a kanta: shin kowace karkata ce kuskure? Motocin shekarun 1950 da 1960 ba su fito daga masana'anta da rata irin ta tallar Lexus ba. Waɗanda aka ƙera jikinsu da hannu ma, gefen dama da na hagu ba sa zama ɗaya. An daɗe ana farfaɗo da irin waɗannan motoci har su fi ranar da aka ƙera su kyau, a kankare fentin asali, a ƙara ƙarfe a bakin ƙofa a goge har rata ta zama kamar an ja ta da rula. Abin da ke fitowa mota ce mai ban sha'awa wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Daga baya ra'ayi ya fara juyawa. Ƙungiyar FIVA ta masu motocin tarihi ta duniya ta fitar da Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, tana fifita adana abin da ke jikin mota a kan sauya shi, da rubuta duk abin da aka yi mata. A 2024 kuma, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 da Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, da ƙujewarta da dusashewar fentinta. Wannan ne karo na farko da motar da aka adana ba a sabunta ba ta ci wannan kyauta.

Mu nan ba mu saba kallon mota haka ba, kuma ba laifinmu ba ne, mota a wurinmu jakin aiki ce. Peugeot 504, Fijon nan da aka fara fitarwa a Faransa a 1968, wadda masana'antar Kaduna da ta buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗawa har cikin shekarun 2000, ta yi tasi, ta yi jigilar 'yan kasuwa, ta sha fenti a kan fenti. Samun wadda ke da fentinta na asali yau sai an tona. Amma in aka samu ɗaya a garejin wani dattijo, ƙofar direba ta ɗan sunkuya, fentin gefen taga ya koɗe daidai inda ya shekara talatin yana ɗora gwiwar hannu, 'ya'yansa za su tsaya a gaban wannan tambaya. A miƙe ƙofar tsaf, ko da za a taɓa fentin? Ko a bar ta?

Ra'ayinmu shi ne amsar tana ga abin da karkatar ke jawowa. Idan ƙofar tana iya buɗewa a kan kwana, akwai rai a ciki, a gyara ko fenti zai tafi gaba ɗaya. Idan tana gugar fenda tana cin fentin maƙwabciyarta, nan ma a gyara, domin barin ta ɓarna ce da ke ƙaruwa kullum. Idan kuwa abin da ke damunmu kawai shi ne ratar sama ta fi ta ƙasa da milimita ɗaya, ya kamata mu tambayi kanmu wa wannan milimita ke cutarwa ban da idonmu. Da yawa daga abin da muke kira gyaran mutane daga nan yake fitowa. Yadda surukarmu ke magana, yadda ƙanenmu ya zaɓi sana'ar da ba tamu ba, yadda tsoho ke maimaita labari ɗaya: rata ce da ba ta yi daidai da rularmu ba, ƙofar kuwa tana rufuwa lafiya. Garin neman gira ake rasa ido.

Masu adana irin waɗannan motoci, in sun zo kan ƙofar da ta sunkuya, sukan sauya sandar hinji, su sassauta noti su ɗaga ta iya inda za ta tafi ba tare da bakinta ya kusanci fenda ba. In ya rage saura kaɗan ta cika daidai, kuma cikawar na bukatar lanƙwasa ƙarfen da fentin asali ke kai, a nan suke ɗaure notin. Sai su ɗauki hoto, su rubuta a littafin motar cewa ƙofar hagu ta fi ta dama rata da milimita ɗaya, da kwanan watan da aka auna, don wanda motar za ta koma hannunsa nan gaba ya san an gani.